Allon da Goggo Ta Wanke

Damagaram, unguwar Birni, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Mahamud,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da matarka Aliya da ɗanmu Abba. Yaya sanyin Italiya, yaya fama da aiki? Mu nan jiki lafiya lau, hankali ne dai ba a kwance ba.

Na zauna na rubuto maka ne don na san halinka. In na aiko saƙon murya, rabi za ka saurara ka ce kana bakin aiki. Wannan kuwa sai ka karanta har ƙasa, domin sunan Baba ne ke neman zubewa a unguwa, kuma limancin da ya riƙe tun ba a haife ka ba yana rawa.

Tun bayan Sallar Layya Baba ya canza. In ya dawo daga asuba sai ya shige zaure ya turo ƙyaure, mu riƙa jiyo shi yana bitar wani karatu da muryar hadda. Inna ta laɓe ta saurara, ta dawo ta ce wallahi ba Larabci ba ne, ba Barbarci ba ne, kuma bai yi kama da Faransancin da nake koyarwa a makarantar lekol ba. Har hayaƙi ta fara turara masa a ɗaki. A lokacin dariya na yi mata.

Jiya Lahadi Baba ya tafi Mirriya ta'aziyya. Sai ga Maryama, matar maƙwabcinmu Suma'ila, da tsohon cikinta, ta zo karɓar rubutun sauƙin haihuwa da ya yi mata alkawari. Ka san tsarin gidanmu: Baba ya rubuta, Goggo Kaltuma ta wanke ta bayar. Ka kuma san Goggo ko alif ba ta sani ba, tawada take dubawa, allon da ya fi ɗanyen rubutu shi ne na ranar. Ta lalubo wani a bayan buzu, ta wanke shi tas a kwano, Maryama ta yi bismilla ta shanye.

Da Baba ya dawo ya ga allon fari fat, ya yi wani irin salati da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya zauna daɓas a ƙasa da rawaninsa. Bai tsaya ɓoye-ɓoye ba. Ya aika aka kira Suma'ila, ya gaya masa cewa abin da matarsa ta sha ba aya ba ce, Italiyanci ne.

Italiyanci, Mahamud! Baban da ya ƙi taka ƙofar lekol ranar da aka ba ni kyautar ta ɗaya, don kada ya gaisa da direkta da yaren Nasara. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar mafarki nake. In ka san wani abu game da wannan, don girman Allah ka gaya mini. Inna na gaishe ku.

Ni ce yayarka,
Ummul Khairi

Damagaram, ranar Alhamis

Ƙanena Mahamud,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Amsarka ta iso a waya, layi biyu da hoton fuska mai dariya. Sannu da ƙoƙari. A nan dai babu mai dariya.

Na faki idon Baba na shiga zaure, na tarar da wasu alluna a bayan buzun, cike da ajaminsa mai kyau. Na karanta na farko a fili: asfetto, asfetti, asfetta, asfettiyamo, asfettate, asfettano. Layi shida. Nan take na gane shi, don abin da nake tsare yara da shi kullum a aji ke nan, ni, kai, shi, mu, ku, su. Juya aikatau Baba yake yi! Allo na biyu ya fara da asfettabo, na abin da ya wuce. Na uku asfettero, na abin da zai zo. Na mayar da su bayan buzun yadda na same su.

Na bi diddigi har na gano malaminsa. Kassim ne, makanikin bakin tasha, wanda ya yi shekaru a ƙasar nan taku kafin ya dawo. Ka dubi wannan abu: Baba, da dattawa ke cire wa takalmi, yana zuwa garaji ya zauna kan tsohuwar taya, Kassim na kwance ƙarƙashin mota yana faɗa, shi yana rubutawa. Kassim ya ce ya yi ya yi su fara da gaisuwa, Baba ya ƙi, wai ba a kama karatu daga tsakiya. Sai ya haddace kalma ɗaya ta kowace fuska, ya biya ba tuntuɓe, sannan a wanke allo a yi gaba. Kassim ya jero masa kalmomi masu bin ƙa'ida, irin waɗanda in ka iya juya ɗaya ka iya ɗaruruwa, Baba ya zaɓi wannan da kansa. Ma'anarta jira. Wanda Goggo ta wanke shi ne mai wuyar, na cewa da zan jira, da za ka jira, kuma bai gama haddace shi ba. Dalilin karatun kuwa, Kassim ya rantse bai taɓa gaya masa ba.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali bakin mutane ne. Yau a kasuwar Dole da kunnena na ji ana zancen Baba, wai Malam Usman ya koma addinin mutanen Roma, addu'ar coci yake ba mata su sha. Suma'ila ya kai ƙara gun mai unguwa, ya ce in wani abu ya sami cikin nan ba zai yafe ba. Sahun magariba jiya ko rabi bai yi ba. Goggo ta ƙi cin abinci, sai kuka. Na durƙusa gaban Baba na roƙe shi ya fito ya yi wa mutane bayani, ya dube ni kawai ya tambaye ni ko na ba tumaki ruwa.

An sa zama ranar Asabar. Wallahi tsoro nake ji. Ku taya mu da addu'a.

Yayarka,
Ummul Khairi

Damagaram, ranar Lahadi

Mahamud,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Zan fara da mai daɗin: Maryama ta sauka lafiya ranar Juma'a, an sami mace, ƙatuwa, mai ƙarfin murya. Goggo ta ci tuwo.

An yi zaman a zauren mai unguwa. Ni da Inna muna daga soron ciki muna jin komai. Kassim ya zo da hannunsa baƙi ƙirin da man inji, aka miƙa masa alluna, Baba na biyawa shi yana fassarawa: ina jira, kana jira, yana jira, na kasance ina jira, zan jira. Babu coci, babu Roma. Wasu har sun fara ƙunshe dariya. Suma'ila ya sunkuyar da kai ya nemi gafara, mai unguwa ya ce magana ta ƙare. Na sauke ajiyar zuciya, Inna ta damƙe hannuna.

Sai Baba ya ce ba ta ƙare ba. Ya ce allon da ya saba ɗaukar aya shi ya ɗora wa wani abu daban, ya ajiye shi inda ake ajiye na sha, har mace mai ciki ta sha da bismilla bisa amanarsa. Ya ce wannan sakacinsa ne, ba na Kaltuma ba, kuma wanda ya yi irinsa bai kamata ya ci gaba da tsayawa gaban mutane ba. Ya ciro makullin masallaci daga aljihu ya ajiye gaban na'ibinsa, Malam Ari. Zaure ya kaure. Suma'ila ya rushe da kuka yana riƙe masa ƙafa, dattawa suka yi ta ba shi baki. Ka san Baba in ya kafe.

Da mai unguwa ya ga ba zai janye ba, sai ya roƙe shi ko dalilin karatun ya faɗa. Nan ne na ji abin da ya sa na kasa kallon Inna.

Ka tuna kiran da ka yi ranar Sallah, ka miƙa wa Abba waya? Baba ya washe baki, ya fara yi masa wasan kaka da jika, ya kira shi ɓarawon suna, ya ce in ya girma ya yi aure sai ya ƙwace matar. Yaron ya zuba masa ido, ya juya ya yi maka magana da yarensu. Kai kuma ka fassara kana dariya, wai yana tambaya wane ne wannan tsohon, kuma wane yare yake yi. Kai ka manta. Baba kuwa ya ce tun ranar bai sake jin daɗin abinci ba. Ya ce yaron takwaransa ne, sunansa aka sa masa, amma bai san shi ba. Tunda an kasa kawo yaro ga harshensa, shi zai tafi ga harshen yaro kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Na yi fushi da kai, Mahamud, fushin da ban taɓa yi ba. Kai Bahaushe, Aliya Bahaushiya, a ce ɗanku mai shekara shida bai san ina kwana ba? Tsoho ya zauna kan taya a garaji, ya rasa limancinsa, don aikin da za ku iya yi a bakin kwanon abinci.

Yau da asuba a sahu na biyu ya yi salla, bayan Malam Ari. Da rana ya sa aka sayo masa sabon allo, ya ɗaura masa jan zare don kada Goggo ta sake kuskure, ya koma kan wanda aka wanke masa. Ya kuma haɗa jimla guda da kansa, ya gwada ta a kaina har sai da ta zauna a bakinsa: Abba, ti asfetto. Ina jiranka ke nan, kamar yadda ka fi ni sani.

Yana so ka kira ranar Juma'a bayan an sauko. Ka ba Abba wayar. Kada ka fassara, kuma in ka yi dariya ni da kai ne. Daga yau zuwa ranar, ka zaunar da yaron nan ka koya masa yadda zai ce ina zuwa, Kaka. Da Hausa. In kuma ka koya masa, to ka fara neman tikitin jirgi, don Baba ba zai ɗauke ta wasa ba.

Inna da Goggo na gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Ummul Khairi