Rana a Ƙafar Keke

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma Mama ta kira ni “Malama”. Ta gode mini da shayi, ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya. Na ce a'a. Ta ce Allah ya kawo. Tun da mantuwar nan ta kama ta take yi mini ladabin da ban taɓa samu ba sa'ad da ta san ni ce 'yarta.

Alhamis, 6 ga Maris
Kullum da jakarta a cinya, wai a mayar da ita gida. Gidan da aka rushe, yanzu wurin wankin mota ne. Likita ya ce a nuna mata abubuwan da ta sani. Ba abin da ya rage, sai dai in ƙera. Zan yi mata ɗakin ɗinkinta a cikin kwalin takalmi. Ga inda digirina na zane ya kawo ni.

Asabar, 8 ga Maris
Na ƙera keken ɗinki da guntun wayar ƙarfe da murfin biro. Kujera da tsinken ashana. Labule daga gefen tsohon ɗankwalinta. Yatsuna duk gam. Idan ta gane ɗakin, wataƙila ta gane wadda ta girma a cikinsa. Tsinke take ce mini da, saboda rama. Ina so in sake jin sunan, ko sau ɗaya. Na rubuta, ba zan maimaita ba.

Talata, 11 ga Maris
Na fente bayan taga: rana na faɗuwa, ja da ruwan goro, gajimare kamar an kunna musu wuta. Na ɓoye ɗan ƙwan fitila mai batir a baya, haske ya cika ɗakin. Gaskiya ya yi kyau. Malamanmu da sun tafa.

Laraba, 12 ga Maris
Ta leƙa. “Gidan masu kuɗi,” in ji ta. Ta koma rungumar jaka.

Alhamis, 13 ga Maris
Ban taɓa burushi ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Yaya ya zo da lemo da shawarwari. Ya ga kwalin, ya yi dariya har da tari. “Farfesa, wannan otal ɗin wa? Yaushe muka taɓa ganin faɗuwar rana a ɗakin nan? Katangar maƙwabci ce fa a bakin tagar!” Na ce masa zane ba hoto ba ne. Ya ce to ki nuna wa Mama takardar digirin. Da zai tafi ya tuna: rana ɗan siririn zare take shigowa ta saman katangar. In ta taɓa ƙafar keke, Mama ta san an tashi makaranta. Agogonta ke nan. Ni ban taɓa gani ba, lokacin ina aji.

Talata, 18 ga Maris
Na shafe ranar da na zana da fenti ruwan toka. Katanga, da tabon ruwan sama. Na rufe ƙwan da baƙar takarda, na tsaga da reza, na yi ta matsar da shi har zaren hasken ya sauka a ƙafar keken. Ɗakin ya yi duhu, ya yi muni. Shi ne.

Laraba, 19 ga Maris
Ta daɗe tana kallo. Jakar ta zame ƙasa, ba ta ɗauka ba. Sai ta dafe ƙirji: “Wayyo, rana ta kai ƙafar keke! Tsinke ta taso, ban ɗora tukunya ba!” Ta kama hannuna. Na tsaya ina jira. “Malama, don Allah je ki tarbo mini ita. Siririya ce, ga baki. Kada ki biye mata.”
Na fita na tsaya a bakin ƙofa. Ta gane ɗaki, ta gane kwali da gam, ban da ni. Na dawo na ce tana hanya.

Lahadi, 23 ga Maris
Ta daina zancen gida. Da tsakar rana nakan kunna ƙwan, don kada batirin ya lalace a banza. Takan raba abincinta biyu, ta kife faranti a kai. “Na Tsinke ne, kada kowa ya taɓa.”
Yau na cinye shi a tsaye a kicin. Ya huce, ba gishiri. Har na suɗe farantin. Yunwa ce kawai.