Ƙararrawar da Dakta Askew Ta Bari a Tsaye

Cikin alhini, Ƙungiyar Makaɗa Ƙararrawa ta Ellerby Marsh ta samu labarin rasuwar shugabarta kuma malamarta, Dakta Winifred Askew, wadda ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar coci ranar Lahadi da safe, ta sauko daga hasumiya shan iska kafin a fara kiran masu ibada.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana jan igiyar babbar ƙararrawarmu, kuma ita ce ta sauko da kiɗan hasumiya ƙasa, ta ɗauki tsarinmu na sauya jeri, inda kowace ƙararrawa ke musayar wuri da maƙwabciyarta, ta ɗora shi a kan ganguna da bututun ƙarfe. Masanan da suka kira aikin hayaniya a lokacin sun aiko da furanni masu kyau, mun gode.

Jama'a na tambaya me ya hana kiɗan makoki. A al'ada akan ɗaura wa harshen kowace ƙararrawa fata, bugu ɗaya ya fito sarai, na biyu kamar amsa daga nesa. Amma a safiyar nan marigayiya ta riga ta ɗaga tata, baki a sama, tana jiran a ja, kuma babu mai hankalin da zai hau ɗaurin fata alhali ɗaya na tsaye, domin motsi kaɗan zai sa ta rufto kansa. Sauke ta ba wuya. Mijinta, Mista Leonard Askew, shi ya roƙe mu mu bari. Ya ce, "Hannunta fa ya ɗaga ta. In kun sauke, me kuka bar min?" Rabaran na cocinmu kuma ya ce a sauke ta, domin katakon da ƙararrawar ta jingina da shi ya tsufa, yana iya karyewa. Babu wanda ya yi ƙarya.

Kwamiti ya bi bayan mijin. Hasumiya za ta zauna a kulle, ɗalibanta su yi kiɗan a farfajiya da ganguna a lulluɓe, a bar gurbinta shiru a kowane jeri. A gwajin jiya gurbin bai yi shirun da muka bari ba, an ji amo daga hasumiya. Rabaran ya ce iska ce, ba mu yi masa musu ba, ko da yake ko ganye bai motsa ba.

Muna roƙon Ubangiji Ya ba ta hutu, Ya ba Mista Askew da 'ya'yansu da jikoki haƙurin jure wannan rashi.

Ranar Juma'a, ranar jana'iza, dukkan makaɗanmu za su tsaya a ƙasa inda kowa zai gan su. Idan babbar ƙararrawa ta amsa, muna roƙon kada kowa ya ruga sama, a tsaya a bar ta ta gama.

Harriet Pellow
Sakatariyar Yaɗa Labarai