Wane Shafi Ne Kamar Gidana?

Zuwa ga Malam Marubuci, mai littafin Madugu da matarsa na zamanin fatake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Sunana Alhaji Sabitu Mai Goro, Agege. Na sauka garin nan na Ikko daga bayan motar shanu da riga ɗaya, yau rumfuna biyu gare ni da motar haya ta danfo a kan hanya. Aji uku na tsaya a sakandare, amma ba a karanta mini takarda.

Ga abin da ya haɗa mu. A bayan littafinka na biyu ka buga ra'ayoyin masu karatu. A cikinsu har da na maiɗakina: Hajiya Balaraba, matar Alhaji Sabitu Mai Goro, Agege, ta ce littafin nan kamar a gidanmu aka rubuta shi. Ka saka sunana, ka saka sana'ata, amma ba ka tambaye ta wane shafi take nufi ba.

Tun da soja suka koma bariki komai sai da ƙuri'a, har shugabancin 'yan goro, kuma ina takara da wani Alhaji Tanimu. Mai hayar littattafai na bakin tasha ya shaida mini Tanimu ya kwashe duk kwafin da ke wurinsa yana rabawa kyauta. Mutumin da ban taɓa ganinsa da jarida ba. Yanzu masu karatunka sun rabu uku.

1. Masu cewa shafin jari ne, inda matar Madugu ta sayar da tasoshinta ta kafa shi. Ƙarya ce. Na yi dako a kasuwar Jankara kafin in san Hajiya. Amma yanzu ƙannenta in sun zo rumfa ba sa zama a benci, kujerata suke hawa.

2. Masu cewa shafin gemu ne, inda Madugu ke shafa baƙi a ɓoye. Ranar Juma'a bayan sallah wani dattijo ya rungume ni, ashe jiƙaƙƙen hankici ne a hannunsa. Ya goga, ya duba, ya nuna wa sahu. Bai ga komai ba, amma aka ce wai baƙin gemu na Ikko ba ya fita da ruwa.

3. Masu cewa Madugu na tsoron zakara, don haka ni ma. 'Yan okada suka saki zakara a rumfata ana tsakiyar ciniki. Na hau kan huhun goro, gaskiya ne. Malam, zakaran Ikorodu ne, ya kusa kai tunkiya, kuma fuskata ya nufo. Ko kai ne sai ka hau.

Na tambayi Hajiya cikin lalama. Ta ce in karanta in gani. Na rufe rumfa na karanta na ɗaya da na biyu, na sake maimaitawa. Ban ga inda muka yi kama ba, sai ƙofar zaure mai ƙara. Kuma a matsayina na ɗan kasuwa ina gaya maka, ba a ɗaure goro yadda ka rubuta. Da haka fatake suke yi da bai wuce kwana kaɗan ba zai bushe. Sai dai wurin da Madugu ya haye kogi da jakuna ka iya shi, ban ɓoye ba.

Abin da ya fi damuna, ka tsayar da na biyu daidai inda matar Madugu ta tara jama'a za ta faɗi babban sirrinsa. 'Yan ƙungiyarmu ta goro sun ce ba za su yanke wanda za su zaɓa ba sai sun ji mene ne.

Don haka ina roƙo. Ka cire sana'ata da unguwata daga bugu na gaba. Ka riƙe na uku sai bayan zaɓe. In ba zai yiwu ba, ka sa sirrin ya zama abin kirki, misali yana ciyar da marayu ba wanda ya sani, wannan kam ana iya samunsa a gidana. Kuma ranar da ya fito ka aiko mini da kwafi ɗaya rumfa, ba gida ba. Ina so in riga Hajiya sanin abin da na yi.

Allah ya ƙara basira, ya kare iyalinka daga rubuta wa marubuta ra'ayi.

Wassalam, daga mai jiran na uku ba don yana so ba,
Alhaji Sabitu Mai Goro, Agege.