Duwatsu a Kan Farantan Sola

Zuwa ga Yaya Is'haƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta zumunta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, can Ibadan. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har tana fita tsakar gida. Gero ya yi kyau a gonakin da aka iya nomawa, wato na bakin gari.

Ka tambayi labarin ƙungiyarmu ta wutar sola, wadda ka ce ita za ta riƙe mutane a gida. Za ni ba ka shi yadda yake. Shekarar ta fara da kyau: famfon burtsatse na cika tanki kafin azahar, mata sun daina zuwa rijiyar fadama. Sai guguwar farkon damina ta zo, ta yaye rufin makaranta, ta kwashe rabin farantan sola ta watsa a gonaki. Mai gyaran da ke Sakkwato ya ce hanyar Gatawa ba ta biyuwa saboda ɓarayin daji, kuma ban ga laifinsa ba.

Kawu Sodangi, shugaban ƙungiyar, ya kira gayya. Aka tattaro farantan, aka mayar, wuta ta dawo. Daga nan ya ce a danne su da duwatsu kamar yadda muke danne rufin kwano, don kada iska ta sake ɗauka. Na ce gilashi ba kwano ba ne. Ya amsa a hankali cewa tun yana yaro bai taɓa ganin rufin da aka danne ya tashi ba, kwamiti kuwa ya gyaɗa kai. Ka san mu, ba a maimaita wa babba magana a gaban jama'a. Da hadari na biyu ya zo, ko faranti ɗaya bai tashi ba. Iska ta yi ta girgiza su a ƙarƙashin duwatsun har suka tsattsage. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

A taron shekara Kawu ya miƙe ya ce a sauke shi, idonsa na ƙasa. Ba a samu mai karɓa ba. Ko da an samu, dokar ƙungiya ta ce sai da rabin membobi ake zaɓe, rabin kuwa suna Isa da Sabon Birni da hayin iyaka, suna kwana a shagunan mutane. Aka yi fatiha aka watse.

Tun da famfo ya tsaya mata suka koma fadama. A can mutanen daji suka ɗauke Zahra'u ɗiyar Na'Allah da tulunta a ka, har yau babu labari. Ni ke ɗebo ruwan gidana yanzu, amma ba kullum nake gari ba, ɗiyata Hadiyya kuma ta kai shekarun da ake tura yarinya rijiya.

Saboda haka, Yaya, farantan da ka yi niyyar aikowa ka bar su. Babu mai ɗora su, kuma babu taron da zai yanke inda za a ɗora. Ɗaki nake roƙo. Bayan an yanke gero za ni sa Hadiyya da uwarta a motar Sakkwato su iso gare ka. Ni za ni zauna da Inna, don ta ce inda aka binne Baba nan za a binne ta.

Ka gaida Yaya Kadijatu da su Fatihu. Kawu ma yana gaishe ka. Kowace safiya yana zuwa da tsumma ya goge ƙura a kan fasassun farantan, duwatsun kuwa suna nan, ba wanda ya iya sauke su a gabansa.

Naka ƙane,
Hafizullahi