Awa Ɗaya Daga Kano Zuwa Maiduguri

Zuwa ga yayata Falmata,

Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙane, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Tsufa ya kama ni yanzu, ki yi haƙuri da rubutun. Duk waɗanda suka san mu tare sun riga ni tafiya, ni kuma ba na so in iso inda kike da wannan magana a cikina.

A shekarar da aka daina kashe fam da sule, ina koyarwa a firamare a Auyo, wani mai fataucin busasshen kifi ya kawo mini saƙonki daga Maiduguri: jiki ya yi nauyi, in zo. Ke kika goya ni bayan rasuwar Inna, kuma tun da aure ya kai ki can ba ki taɓa cewa in zo ba sai ranar.

Akwai taswira a bangon ajinmu. Na miƙa zare daga Kano zuwa Maiduguri, na ga bai fi taƙi ɗaya ba. Na tambayi wani akawu da ya taɓa hawa jirgin sama zuwa can, ya ce awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Sai hankalina ya kwanta, na ce ashe kusa kike. A lokacin kogi ya cika, jingar gonar shinkafata tana neman ɓallewa, na kuma riga na kira gayya ranar Alhamis. Na ce bari a ɗaure jinga tukuna.

Duk bokon da nake taƙama da shi, ban lissafa kwalekwalen da zai fitar da ni zuwa Hadejia ba. Ban lissafa motar Kano da ta kafe a laka har muka wuni muna turi ba. Ban san jirgin ba kullum yake tashi ba. Sai da na yi yamma kafin in yi gabas.

Da muka tashi, na leƙa ta tagar hagu. Can nesa na hango fadamarmu, ruwa shimfiɗe yana ƙyalli. Ƙasar da na yi kwana uku ina fama in fita daga cikinta, kafin in gane inda garinmu yake mun wuce ta. Akawun nan bai yi ƙarya ba.

A zaure na tarar da mijinki, Ba Modu, zaune da masu ta'aziyya. Ashe jiya bayan azahar aka kai ki makwancinki. Ya ce kin yi ta tambaya ko Malam Ƙarami, kamar yadda kike kirana, ya iso, daga baya kika ce: “Ruwa ne ya tare shi, kada ku ga laifinsa.”

Na gyaɗa kai, Yaya. Na karɓi uzurin da kika ba ni, na yi ta maimaita shi shekara da shekaru, har ga matata. Shinkafar kuwa ta yi kyau, mun ci har bazara.

Ba ruwa ba ne. Ni ne na zauna kwana uku saboda gona. Da na tashi ranar da saƙon ya zo, da na same ki kina magana. Ki yafe mini, kamar yadda kika saba tun ina bayanki.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa ki da Inna. Ni kuma ya sa in cika da imani.

Ƙanenki,
Bukar, Hadejia