Kwalba Mai Lamba Bakwai

14 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Mama da hannayenta, yanzu da sanyi ya fara shigowa? Yaya ƙudan zumanka, ka gama rufe musu amya? Kwalaben zacusca huɗu, miyar gauta da tattasai, da ka ba direban bas sun iso. Ɗaya ta tsage amma ba ta zube ba, ita na fara ci da burodi.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Kai ba ka ji sosai a waya, sai in yi ta ɗaga murya Mama na gefe tana tsintar maganar, ni kuwa abin da ke bakina ba na ɗaga murya ba ne. Ka karanta wannan a rumfar zuma, kai kaɗai.

Bari in fara da mai daɗin. Binciken da na shekara uku ina fama da shi ya samu karɓuwa, za a buga shi a wata mujalla ta ƙasar waje. Shugabanmu Farfesa Anghelache, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman dalilin da ke sa garkuwar jiki ta juya ta kama cin gaɓoɓin mai ita, irin ciwon Mama, har rawa ya taka a tsakiyar ɗakin gwaji, yana cewa duk Romaniya babu kamar yaransa. Costel ma yana gaishe ka, abokin aikina mai binciken abin da ya sa harbin zuma ke kashe wani ya bar wani. Ya ce in roƙe ka wani akwatin ƙudan da bazara, wai naka sun fi na kowa baƙar zuciya.

Yanzu sai ka yi haƙuri in bayyana maka wata al'adarmu. Kafin ka gane abin da ya ɓaci a jinin mara lafiya, sai ka gwada shi da na mai lafiya. Na marasa lafiya daga asibiti ake kawo mana. Masu lafiyar kuwa mu ne. Duk Litinin wani a cikinmu zai naɗe hannun riga a ɗebi jininsa, ladansa covrig, burodin nan mai kamar zobe, da zafinsa, da ɗan cakulan. Ba a rubuta suna a kwalba sai lamba, kuma kowa ya sa hannu a takarda cewa duk abin da aka gani ba za a faɗa masa ba, don mu ba likitocin juna ba ne.

Tanti Smaranda ce ke ɗibar jinin kowa. Ka tuna ta, dattijuwar da ta cika maka aljihu da gyaɗar turawa ranar da na karɓi digiri. Shekara talatin da huɗu tana riƙe da ɗakin nan, hannunta ko sauro ya fi shi zafi. Tunda ba ta iya ɗibar nata da kanta, ni nake ɗiba mata. Minti goman da na'ura ke ɗauka tana wulwula jini, ita saƙa take yi. Rigar sanyi ce ta jikarta Ruxi da ke Valencia, wadda ba ta taɓa ɗauka ba sai gani a waya. Ta rantse da hannunta za ta kai, ba za ta ba gidan waya ba. Yarinyar na girma, ita kuma tana warware bakin hannun rigar tana ƙara masa tsawo da duk zaren da ta samu. Costel kan ce, "Tanti, kafin ki kai rigar nan sai dai angonta ya karɓa."

Ranar Juma'a ta shigo da takardar asibiti. Gajiyar da take yi da ƙullutun da suka fito mata a wuya, sankarar jini ce, irin mai tafiya a hankali. Kuma a cikin ainihin ƙwayoyin da nake ƙirgawa kullum take.

Baba, na ga ciwon nan tun Afrilun bara. Ranar na sa kwalba mai lamba bakwai a na'urar ƙirga ƙwayoyin jini, wadda muke kira Suruka don komai ka kai mata sai ta sami abin kushewa. A jinin mai lafiya ƙwayoyin nan a warwatse suke fitowa a allo, kowace da kamarta. Na bakwai sai suka dunƙule wuri guda, dubbai, duk kama ɗaya. Na san abin da hakan ke iya nufi, a aji biyu na jami'a aka koya mana. Na kuma san mai jinin, tunda ni na rubuta bakwan da hannuna. Tanti Smaranda ce, tana zaune a bayana tana saƙa.

Masu lafiya ashirin nake buƙata, ina da ashirin da ɗaya. Na ce wa kaina Suruka ce ta tashi da rigimarta, na rubuta "ya gurɓata" a littafi, na cire shi daga lissafi. Zanen ya fito tsaf, kowa ya yaba. A watan Yunin bara ɗin ya kamata ta yi ritaya ta tafi wurin 'yarta. Ni na bi ta har tashar taragun cikin gari ina magiya ta ƙara mini shekara guda, don babu mai iya riƙe min aikin kamarta. Shekarar ta zama da rabi.

Ban san abin da nake so ka ce ba. Na dai gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ka gaida Mama, ka ce mata aiki lafiya.

'Yarka,
Ilinca

9 ga Nuwamba

Babana,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Mama. Yaya tarin naka? Ka daina fita wurin amya da sassafe babu hula, ba yaro ba ne kai.

Amsarka ta zo. Layi shida a kan ruwan sama da tuntuɓen da akuyar maƙwabta ta yi, sannan layi ɗaya a ƙasa: "Ilinca, ba ni ne mai lamba bakwai ba." Na ji haushinka kwana biyu cur. Na so ka zage ni ko ka lallashe ni, sai ka nuna min ƙofa ka koma wurin ƙudanka.

Ban bi ƙofar ba, taga na bi. Na ɗauki littafin na je ofishin Farfesa na buɗe masa shafin. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya ce, "Ke 'yar nan, wa ya aike ki tonon wannan? Akwai takarda, ta sa hannu, ke ma kin sa. Ɗaliban duniya nawa ne ke jefar da kwalba ɗaya kullum?" A gabana ya kira wani abokinsa likitan jini ya tambaye shi ba tare da ambaton suna ba. Likitan ya ce irin wannan ciwon ko an gano shi da wuri ba a fara magani, sa ido kawai ake yi sai ya motsa. Farfesa ya ajiye waya ya ce, "Kin ji ko? Ko kin faɗa, babu ƙwaya ɗaya da za ta sha. Rufe littafin ki je ki ci abinci."

Ba zan ɓoye maka ba, na ci abincin, har da ƙari. Na fito ina jin kamar an sauke min buhun masara daga ka. Na ce ashe ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Jin daɗin bai kai Lahadi ba. Ni da Costel muka je gaishe ta a gida bayan ƙarin magani na farko. Sai da muka rufe hanci da baki kafin ta buɗe mana, don maganin na rusa garkuwar jikinta, murar da za ka yi atishawa biyu ka manta ita tana iya kwantar da ita. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta dubi Costel ta ce, "Kai da wannan ƙyallen ka fi kyau, ka riƙa sa shi kullum ko ka samu mata."

Da muka zauna ta ce likita ya hana ta hawa jirgi, ya hana ta kusantar yaran da ke zuwa makarantar raino. Wata takwas aƙalla, bayan nan kuma sai abin da jinin ya ce. Ruxi ba za ta zo ba, ita ba za ta je ba. Tana faɗa tana dariya: "Shegen ciwo, bai iya sallama ba. Da bara ya ɗan leƙo ya ce ga ni nan tafe, ai da na tattara nawa-i-nawa na yi Valencia, na sha rana shekara guda da yarinyata, in ya so ya biyo ni can." Sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Amma ba komai, mun fitar da takardar Ilinca."

Baba, ka ga abin da likitan Farfesa bai ƙirga ba. Ba magani na hana ta ba, shekara na hana ta, mai kyan, wadda ƙafarta ke ɗaukarta. Shayin da ke hannuna ya zube a kan shimfiɗarta. Costel ya ce yau Ilinca ko lafiya, kamar wadda ta yi sata. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na ce kaina ke ciwo na fito.

Tun ranar idan na sa kwalba a Suruka sai in waiwaya. Kujerar Tanti tana nan, babu wanda ya yarda ya zauna a kai. Ina jin tsoro, Baba. Ba korar aiki nake tsoro ba, fuskarta nake tsoro.

Ka gaida Mama. Ka ce mata safar hannun da na aiko ta riƙa sawa, ba ta ajiye wa baƙi ba.

Taka,
Ilinca

12 ga Disamba

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ku da dusar ƙanƙara? An ce ta rufe hanyar coci. Kada ka bar Mama ta ɗauki shebur. Zumar da ka aiko wa Tanti Smaranda na kai mata, ita ce ma ta zame min dalilin zuwa.

Na faɗa mata. Ranar Talata da hantsi na je ni kaɗai da littafin a jaka. Na shirya jawabi tun daga gida, da batun takardar sa hannu da abin da likita ya ce, amma da na zauna sai duk ya gudu. Na buɗe shafin kawai na miƙa mata. Mace ce da ta shekara talatin tana karanta zanen Suruka, ba ta buƙatar bayani. Ta duba ranar, ta duba lambar, ta duba "ya gurɓata" da rubutuna.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Tambayar farko da ta yi ita ce, "Nawa kika jefar ban da wannan?" Na ce biyu, a wani gwajin daban, na kuma ciro ragowarsu daga firji na sake gwadawa, lafiyarsu lau. Ta gyaɗa kai. Sai ta ce, "Ni na koya miki aikin nan. Idan kwalba ta yi miki gardama, me ake yi?" Na ce a sake ɗibar wata. Ta ce, "To. Hannuna yana bayanki, Ilinca, taku uku. Na taɓa hana ki shi?"

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Kada ki yi min gaggawa, 'yar nan. Kin ɗauki shekara da rabi kafin ki faɗa, ni ma ki ba ni nawa lokacin." Ban ga laifinta ba.

Washegari na shaida wa Farfesa cewa ba zan ƙara ɗibar jinin kowa ba sai an canja takardar nan, a rubuta cewa duk kwalbar da ta fito da baƙon abu za a sake ta, a kuma tura mai ita wurin likita. Ya yi ta gunaguni a kan tarurrukan da abin zai jawo, amma ya karɓa. Wannan ba zai mayar wa kowa komai ba, na sani.

Da zan fito daga gidanta ranar Talatar, ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da rigar Ruxi a ninke, ta cire alluran saƙar daga jikinta, ta ɗaure bakin zaren ta datse da haƙori. Ta ce, "Ungo, ki kai gidan waya. In na ƙara jira, babu zaren da zai kamo ta." Shekara huɗu tana cewa da hannunta za ta kai.

Kafin in naɗe ta a takarda na shimfiɗa ta a kan teburina. Jikin rigar ja ne. Hannun kuwa kowane ƙari da launinsa, don zaren farko ya daɗe da ƙarewa: ja, sai toka, sai shuɗi, sai kore, sai rawaya a bakin wuyan hannu. Na tuna lokacin da ta saƙa kowanne, tana bayana. Kore da rawayan nan, Baba, nawa ne, su ta saƙa a shekara da rabin da na riƙe ta.

Na kai ta jiya. An ce za ta isa kafin Kirsimeti.

Zan zo ranar ashirin da uku a bas ɗin rana. Kada ka ce wa Mama komai, ni zan faɗa mata da bakina. Allah ya ƙara muku lafiya, ya bar min ku.

'Yarka mai ƙaunarka,
Ilinca