Jego Ya Karɓe Ki

Zuwa ga yayata Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mutanen gida duk suna lafiya. Inna tana nan tana fama da gwiwarta. 'Yarki Amira ta cika shekara uku, bakinta ya buɗe, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce goshinki ta ɗauko. Na san ba karantawa za ki yi ba. Na sa wasiƙar a fili ne saboda masu karantawa.

Dalilin rubutun shi ne autarmu Ummi. Cikinta ya shiga wata tara, za ta dawo wankan gida, kuma Inna har ta tara itace a bayan ɗaki ta sayo kanwa a kasuwar Juma'a. Irin jegon da ta yi miki take shirin yi mata. Ni kuwa akwai maganar da dole Inna ta ji kafin a ɗora tukunya, na yi mako biyu ina juya ta na rasa ta inda zan fara.

Har yanzu ina aiki a ƙaramin asibitin nan na Darki. Bara aka sa mu cikin wani tsari. Duk Laraba bayan azahar, in marasa lafiya sun ragu, sai in jingina wayata da kwalin magani mu haɗu ta bidiyo da manyan likitoci na cikin birni. Mu ma'aikatan ƙauye kowa fuskarsa a ɗan akwati, ga na Lajawa, ga na Achika, ga wani da kullum akuya ke kuka a bayansa. Mutum ɗaya zai kawo labarin mara lafiyar da ya ɗaure masa kai, ba suna ba unguwa, su kuma su yi ta tambaya har mu gano inda aka kauce.

Da layi ya zo kaina, ina da mutane da yawa da zan iya kawowa. Ke na kawo. Na ce wata mata ce, haihuwar fari, ta rasu saura kwana biyar ta yi arba'in. Ban ce yayata ce ba. Daga takarda na karanto ki, kamar mai karanta jerin magunguna, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Kin tuna bayan suna da mako biyu, da Gwaggo ta zo duba ki? Ta kama damtsenki ta ce, "Kai, masha Allah, jego ya karɓe ki!" Fuskarki ta cika, zobenki ya ƙi fita, silifas ya matse ki. Ke da aka yi shekaru ana tsokanarki da rama. Inna ta yi ta murmushi don yabon nata ne, ita ke tashi ta tafasa ruwan wanka safe da yamma, ita ke dama kunun kanwa ta tsaya a kanki sai kin shanye. Ni ma na faɗa, Yaya. Na ce ki rage ci kada ƙofar ɗakin mijinki ta hana ki shiga. Kika yi dariya, dariyar ta koma tari.

Tarin bai tafi ba. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai kin tsaya kin dafa bango kina haki. Na tambaye ki, kika ce da sauƙi, tururin wanka ne. Na yarda. Ni mai takardar aikin lafiya a gidan, na kawo miki maganin tari kwalba biyu.

Likitar da ta karɓi labarin mace ce, ta zuciya, mai farin tabarau. Ta tambaya da filo nawa matar take kwana. Na sani, uku ne, daga baya ma a zaune kike barci kin jingina da bango, muka ce ai saboda shayarwa ne. Sai ta tambaya ko an danna ƙaurinta. Na ce ba a danna ba.

Ta nuna mana. A ɗora babban yatsa a kan ƙashin ƙauri, a danna, a ƙirga zuwa biyar, a ɗaga. In wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, to ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ta ce zuciya ce take gazawa bayan haihuwa, ruwa ya taru a ƙafa da fuska har ya hau huhu. Ta ce ciwon yana kama mai jego ko da kanwa ko babu, amma kanwa da wanka mai tsananin zafi ƙarin kaya ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji.

Na tambaye ta, da an tura matar babban asibiti da wuri fa? Daidai nan sabis ya ɗauke. Fuskarta ta tsaya cak, baki a buɗe, na zauna ina kallonta ban san tsawon lokacin ba. Da ya dawo ta maimaita. "Wasu suna tashi, wasu ba sa tashi, rai na Allah ne. Amma da an gwada." Ta ƙara da cewa wanda ya duba matar kada ya ɗora wa kansa, ba a koya masa ba ne. Na ce na gode, likita. Na rubuta a littafina.

Da aka tashi na yi wa wani jariri allurar rigakafi, na kulle ƙofa, na shiga mota zuwa Wudil. Na sayi kifi a bakin gada. Na ci tuwo, har na ƙara. Tun ranar nake jira in ji wani abu, kuka ko haushi, ban ji ba. Zuciyata kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ina taɓawa ba na jin taɓin.

Inna ce matsalar. Shekara uku abu ɗaya take riƙe da shi, kowa ya zo sai ta faɗa masa: "Ni dai na yi mata jego, kowa ya ga yadda ta yi kyau, kwana ne ya ƙare." In na yi magana na ƙwace mata wannan. In na yi shiru kuma, Ummi ce za ta zauna a inda kika zauna, a yi ta yaba mata kumburi.

Jiya na faɗa mata. Tana tsakar gida tana tsinke zogale. Da kaina na fara, na ce ni ce ban duba ki yadda ya kamata ba. Sannan na ce ruwan Ummi ya zama mai ɗumi kawai, kanwa a ajiye ta, in kuma an ga ta cika ko tana haki, kada a jira arba'in, a nemi mota. Na gaya mata abin da ƙibar nan taki take.

Ta ci gaba da tsinke zogalenta har na ɗauka ba ta ji ba. Ba ta ambaci sunanki ba, ba ta dube ni ba. Can sai ta ture faifan gefe, ta miƙe ƙafarta mai ciwon, ta ɗan janye zani, ta ɗora babban yatsa a ƙaurinta. Ta ce, "A nan ne, ko ƙasa kaɗan?" Na kama yatsan na gyara mata. Ta danna, muka ƙirga tare. Ta ce, "Ranar da Ummi ta sauka ki sake nuna min, kaina ba ya riƙe abu yanzu."

Yaya, ki yafe min. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata miki makwanci, Ya raya abin da kika bari. Allah Ya sauki Ummi lafiya, Ya ba Inna haƙurin abin da ta ji daga bakina.

Ƙanwarki,
Sa'a